Ranar da Jemage Ta Suma a Ƙofar Kaka

Duk wanda ya san Ke Jin-shui ya san kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka. Ba haka uwarsa ta haife shi ba. Lafiyayyen ɗa ta haifa, miƙaƙƙe kamar rake. Kyamara ce ta karkata shi. Tun da ya dawo daga aikin soja ya ƙi kiwon kifin ubansa, ya je ya sayo wata ƙatuwar kyamara mai cin kaset, wadda in ka saɓa ta sai ka rantse buhun shinkafa ka ɗauka. Da ita ya aurar da rabin garin nan, da ita ya raka sauran rabin makabarta. A-Shui muke ce masa, yara su ce Kawu Mai Kyamara.

Biki da jana'iza na cin abinci ne kawai. Abin da ya ɗauka aikinsa na gaske shi ne fitar Kaka Mazu, allahiyar teku da gunkinta ke haikalin garinmu. Duk shekara in watan uku ya kama, akan ɗauko Kaka daga haikali a zaunar da ita a karagarta, maza su saɓa sandunan, a zaga da ita unguwa-unguwa da ganguna da algaita da bindigogin takarda masu fashewa da tartsatsi, tun safe har rana ta karkata, sannan a maido ta gida. To, a wurin shiga gida ake yinta. Masu ɗauka su taso da gudu su ja da baya, su sake tasowa su ja da baya, a na uku su kutsa ƙofa ta cikin hayaƙi. Kuma ba lokacin da aka ga dama ba. Akwai sa'ar da masu duba suka tsayar. In aka bari ta wuce, duk kifin da ya mutu a tafki, duk babur ɗin da ya kayar da mai shi a shekarar, a kan wannan lattin za a ɗora.

Ba wanda ya san ranar da abin ya soma, amma a hankali masu ɗaukar karaga suka saba da jiran A-Shui. Yakan tsaya a matakalar sama, gefen ƙofa, kyamara a ido, hannun hagu a ɗage. Sai ya sauke hannun su taso. Ba ya cikin littafin kowane mai duba, ba kuma Kaka ce ta ce a yi ba. Amma ka san mutane, abin da aka yi bana aka yi baɗi, ya zama gadon kakanni.

Matarsa Bi-lien mai sayar da kunun shinkafa ce a bakin kasuwa. Mace ce mai baki, ba ta ajiye magana ta kwana. Shekara da shekaru tana shafa masa man zafi a kafaɗa tana mita.

“Maza suna ɗaukar Kaka su sami lada, kai kana ɗaukar ƙarfe ka sami ƙusumbi,” haka take cewa.

Shi kuwa ba mai magana ba ne. Sai ya ce, “Ƙara ƙasa kaɗan.” Ta ƙara ƙasa kaɗan.

Tsufa ba ya sallama. A bikin da ya zama na kusa da ƙarshe, kafaɗar ta ƙi. Hoton ya fito yana rawa tun daga farko har ƙarshe. Aka taru a zauren haikali za a kalla a sabuwar talabijin mai faɗin ƙofa, irin wadda ba ta rufa wa kowa asiri. Shugaban kwamitin haikali, Zhan, mai tafkunan kifi, mutum mai son a ga haƙorinsa na zinariya, ya yi ta kallo yana kaɗa ƙafa.

“A-Shui, Kaka ce wannan ko jirgin ruwa a guguwa? Ni har amai ya taso mini.”

Aka yi dariya, irin dariyar da ake yi wa shugaba ko bai ba da dariya ba.

“Ka san ba na son ɓata tsohuwar zuma,” in ji Zhan. “Amma akwai wasu yara a birnin Tainan, har da ɗan jirgi mai kyamara suke zuwa, su ɗauko ka ta tsakiyar ka. Kwamiti ya matsa mini. Na ce a bar maka baɗi. In ta yi kyau, wurinka ne. In ba ta yi ba, ka zo ka zauna a inuwa da mu, ka sha shayi kamar kowane dattijo.”

Kwamitin da ya matsa masa ɗin nan, in ka bincika, shi ne da surukinsa.

Likita ma ya ce tsohuwar kyamara ta gama hawa wannan kafaɗa. Don haka A-Shui ya hau babur ya tafi birni, shagon marigayi abokinsa Weng, wanda yanzu 'yarsa Li-chiao ke riƙe da shi. Ta zuba masa shayi, ta ciro kyamarori biyu ta ajiye a kan gilashi, ƙanana, kowacce ba ta kai kwanon cin shinkafa nauyi ba.

“Kawu, duniyar yanzu waɗannan biyun ake faɗa a kansu. Wannan mai kama da bulo ta masu fim ce zalla. Akwai fanka a cikinta, ko wuni za ka yi kana ɗauka ba ta gajiya. Wannan kuma ruwa biyu ce, tana hoto tana bidiyo.”

Ya ɗauki ta farkon ya kai ido, goshinsa ya daki ƙarfe.

“Ina kafar leƙen?”

“Babu, Kawu. Allon baya ake kallo.”

“Kyamara ba kafar leƙe? To gida ba taga.”

“Yara ba sa leƙe yanzu. Ita da kanta take nemo idon mutum ta saita. Kai dai nuna mata hanya.”

Ya miƙar da hannu ya kalli allon. Abin da ya gani hazo ne mai launi, kamar an zubar da miya a ruwa. Nan asirin da ya daɗe yana rufewa ya so ya tonu. Idonsa ya jima da daina ganin abin da ke kusa. Tsohuwar kyamara ce ke rufa masa, don akwai ɗan abin murzawa a gefen kafar leƙenta, duk shekara ya ƙara murzawa kaɗan, shi da ita ba mai gaya wa wani.

“Ita ruwa biyun tana da kafar?”

“Tana da ita. Amma gaskiya ɗaya ce, Kawu, ba ta da fanka. In ta sha rana tana bidiyo, sai ta nuna alamar zafi, in ka ƙi ji ta ɗauke wuta sai ta huce. Ɗauki duka biyun ka gwada. Da Baba na nan da haka zai yi.”

Da ya kawo su gida Bi-lien ta tsaya a kansu ta riƙe ƙugu.

“Wannan dai Bulo ce, ba sai an faɗa ba. Wannan kuma da ba tsuntsu ba ba dabba ba, Jemage.”

Sunayen suka bi su.

Li-chiao ta turo masa bidiyoyin masu kwatanta kyamara a waya, ta ce ya kalla. Ya sa tabaran karatun da yake ɓoyewa a aljihun babur, ya zauna ya yi ta kallo har kansa ya yi ciwo. Samari ne masu gyararren gashi, kowa da fitila mai launi a bayansa. Wannan ya ce Bulo ta kashe kasuwa, wancan ya ce duk wanda bai sayi Jemage ba ya yi asarar zuwa duniya, kafin sati ya zagayo su ɗin dai su ce wata sabuwa na tafe, a dakata. Sai su sa wata yarinya ta taho ta koma, ta taho ta koma, a ga ko kyamara na bin idonta.

Bi-lien ta leƙo ta kafaɗarsa. “A ɗaki mai sanyi suke gwadawa, da yarinya mai fuska kamar ɓararren ƙwai. Ka tambaye su ko sun taɓa bin karaga da rana tsaka, bindigar takarda na fashewa a ƙafarsu.”

Sai ya ɗauke su ya tafi haikali, inda aikin yake. Ya fara da Bulo. Da tabarau a hanci allon ya fito fes, amma duk abin da ke gaban allon ya narke. Taku kaɗan ya yi ƙafarsa ta daki dokin ƙofar haikali, wanda ko yaro ya san tsallakewa ake yi ba a takawa. Ya tafi taga-taga, mai shara ta tare shi. Ya cire tabarau, ƙasa ta dawo, allon ya tafi. Ya ce to, tunda an ce ita ke nemo ido da kanta, bari ta nema. Ya nuna mata Kaka.

Wani ɗan koren akwati ya fito a allon yana tsalle. Ya sauka a fuskar mai shara. Ya sauka a fuskar wani da ke barci a benci. Ya sauka a kan hoton Shugaba Zhan da ke rataye a bango, ya liƙe kamar ya ga dangi. Amma Kaka, wadda hayaƙin turaren kakanninmu ya mayar da fuskarta baƙa wuluk, ga labulen duwatsun ado ya sauko mata daga hula, koren akwatin nan ya wuce ta kamar ginshiƙi. Wanda ya ƙera ta ya koya mata fuskokin duniya, bai koya mata wannan ba.

Ya ɗauki Jemage, ya kai ido, ya murza ɗan abin da ke gefe. Kaka ta fito. Ya ga tsagar da ke gefen haɓarta, ya ga zaren zinariya na rigarta ɗaya-ɗaya, ya ga idanun nan rabi a rufe na wadda ta gaji da jin koken mutane amma ba ta tashi ba. Ya daɗe a haka. Sannan ya fita farfajiya ya bar ta tana ɗauka a rana. Bai gama shan kofin ruwan rake ba alamar zafi ta fito. Can ta ɗauke wuta, jikinta zau kamar dankalin gashi.

An gudu ba a tsira ba. Ɗaya ba ta gajiya amma shi makaho ne a bayanta, ɗaya tana ba shi ido amma ba ta jure rana.

Abin da ya fi ƙarfin mutum a garin nan, Kaka ake kai wa. Ya kunna turare, ya ajiye kyamarorin a teburin hadaya tsakanin lemo da ayaba, ya durƙusa ya ɗauki katakan tambaya, jajayen nan biyu masu siffar jinjirin wata. In ɗaya ya faɗi a kife ɗaya a rigingine, ta yarda. Duka a kife, ta ƙi. Duka a rigingine, dariya take yi.

Ya faɗi sunansa da unguwarsu kamar yadda ake yi, ya ce, “Kaka, Bulo zan ɗauka?” Ya saki. Duka a rigingine.

“To Jemage?” Ya saki. Duka a rigingine.

Ya sake, ya gyara tambayar, ya yi mata bayanin fanka. Katakan suka yi ta birgima suna kwanciya a bayansu kamar 'yan kwikwiyo.

A gida Bi-lien ta ji labari tana yanka albasa, ba ta ɗago ba.

“Ba kyamara take wa dariya ba, tsoho. Akwai tambaya ta uku, ka yi ta?”

“Wacce?”

“Ka san ta. Ka ce, Kaka, in ajiye?”

Ya tashi ya bar mata wurin. Bai kuma koma ya yi tambayar ba, don ya san katakan nan, in ka tambaye su abin da kake tsoro, ba sa dariya.

Jemage ya saya. Ya ce gara ya ga abin da yake ɗauka ko na ɗan lokaci ne. Dabararsa ita ce ya riƙa kashe ta a hanya, ya kunna in abu ya taso, ya adana sanyinta don shiga gida. Ranar bikin da sassafe ya fito, sai ga Bi-lien a ƙofa da takalmin roba, da laima, da jakar ƙanƙara a rataye. Matar da tun aurensu ba ta taɓa bin karaga ba, takan ce ranar ce cinikin kunu ya fi tafiya.

“Ina za ki da gwiwar nan?”

“Rakiyar amaryarka. Ba an ce ba ta son rana ba? Wuce mu je.”

Haka suka wuni. Rana ta fito ba ko ɗigon gajimare. Laimar a kan kyamara take, ba a kan miji ba, balle mai riƙon. In ya kashe, Bi-lien ta naɗe ta da tsumma mai sanyi ta rungume kamar jaririya, tana zaginta ƙasa-ƙasa. Mata a bakin hanya suna ta tsiya: “Bi-lien, yaushe aka haihu ba mu ji ba?” Ta ce, “Da tsufa, kuma ragguwa ce kamar ubanta.” Dabarar ta yi aiki. Har suka dawo farfajiyar haikali alamar zafi ba ta fito ba.

A nan Shugaba Zhan ya tare su. Ya gayyato wani babban baƙo daga birni, an kafa musu dandamali a tsakiyar rana.

“A-Shui! Nan, nan! Baƙonmu zai ce 'yan kalmomi. Ka ɗauke duka, kada ka yanke ko tari.”

“Shugaba, karaga ta kusa. Kyamarar nan tana buƙatar…”

“Ba sabuwa ba ce? Ko tsohuwa ka shafa wa fenti? Ɗauka, malam!”

'Yan kalmomin babban mutum, kowa ya san tsawonsu. Baƙo ya gode wa sama ya gode wa ƙasa, ya gode wa masu shara, ya ba da tarihin gadar da za a gina. Da ya gama Zhan ya karɓa don ya gode masa da godiyar. Duk lokacin da A-Shui ya so ya kashe, sai haƙorin zinariya ya juyo ya haska shi. Bi-lien na riƙe da laima, ƙanƙara ta zama ruwan ɗumi a jaka. Alamar zafi ta fito a kusurwar idonsa, ta zauna.

Ganguna suka karyo kwana. A-Shui ya hau matakalarsa, ya kai Jemage ido, ya ɗaga hannun hagu. Ga karaga can a bakin farfajiya tana rangaji cikin hayaƙi. Ya murza gilashin da yatsunsa har fuskar Kaka ta fito fes ta bayan labulen duwatsu. Bai taɓa samunta da kyau haka ba.

Sai duhu.

Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Ƙarfen na ƙona masa tafin hannu.

Bi-lien ta gane tun kafin ya yi magana. Ta manna tsumman a jikin kyamarar, ta matso da bakinta kunnensa.

“Riƙe su. Kada ka sauke hannun nan. Yanzu za ta farfaɗo.”

Ita fa, mai cewa ya ajiye.

Kuma da ya riƙe su da sun tsaya, wannan ba shakka. Sun saba. A gaban karaga A-Liong ne, mahauci, wanda shi ma furfura ta gama cin kansa, tun asuba sanda ke kafaɗarsa. Yana tsaye yana haki, idonsa a kan hannun A-Shui. A gefen ƙofa mai duba na kallon agogo yana kallon sama, ya ɗaga murya ya ce sa'a tana bakin fita. Ba mai iya cewa ko Jemage za ta tashi kafin nan. Wataƙila ta tashi. Wataƙila a yi ta tsayuwa, maza takwas da karaga a wuya da gari guda a bayansu, ana jiran ƙarfe ya huce.

Daga inda yake, da ido ɗaya a buɗe, yana hango yadda A-Liong ke sauya tsayuwa, yana ɗan ɗage sandar da hannu don fata ta sha iska. Wannan motsin ba sai an fassara wa A-Shui ba.

Ya sauke hannu.

Suka taso, suka koma. Suka taso, suka koma. A na uku farfajiya ta ɗauki ihu, bindigogin takarda suka tashi gaba ɗaya, karaga ta wuce ta gabansa har iskarta ta kaɗa masa riga, ta shige cikin sa'arta. Shi kuwa bai cire kyamarar daga ido ba. Ya bi su da ita a hankali, daga dama zuwa hagu, yadda ya saba, yana kallon baƙin duhu. Ana cikin kunna turaren godiya Jemage ta yi ɗan ƙara ta buɗe ido.

Washegari da kansa ya je ya sami Zhan a bakin tafki.

“Shugaba, babu shiga gida. Kyamara ta mutu a ƙofa.”

“Babu? To me ka ɗauka?”

“Jawabinka yana nan duka. Ko tari ban yanke ba.”

Zhan ya dube shi ya ga ko da wata a ƙasa. Fuskar A-Shui ba ta taɓa gaya wa kowa komai ba. Aka bi mutane aka tattaro abin da suka ɗauka da wayoyinsu, aka harhaɗa. A kowane ɗaya, in ka duba gefen ƙofa, ga wani tsoho mai karkatacciyar kafaɗa yana bin karaga da matacciyar kyamara, ga wata tsohuwa ta riƙe wa kyamarar laima.

Da shekara ta zagayo yaran Tainan suka zo, da Bulo har uku da ɗan jirginsu mai kukan sauro. Ba laifi, aikinsu ya yi kyau, an ga rufin haikali ta sama, wanda ko Kaka ba ta taɓa gani ba. Da karaga ta iso bakin farfajiya A-Liong ya ɗaga kai ya dubi matakala. Wata yarinya ce a wurin, hannuwanta biyu a kan kyamara. Ya ɗan jira. Sannan ya yi ihu da kansa suka taso. Shekarar da ta biyo ko duban wurin bai yi ba.

A-Shui yana nan. Yana zama a inuwa da dattawa, yana shan shayin da aka yi masa alkawari. Li-chiao ta ce ya maido Jemage ta sayar masa, ya ƙi. Tana kan tebur kusa da kwanon magunguna. In zai karanta rubutun jikin kwalba, ko takardar wuta, ko Bi-lien ta ce ya zura mata zare a allura, sai ya ɗauko ta ya kunna, ya kai ido, ya murza. A cikin ɗaki ba ta taɓa suma ba.

Wani lokacin in ya gama da kwalbar ba ya saukewa, sai ya juya ta wajen matar tana tsintar shinkafa.

“Me kake leƙe?”

“Ba komai. Ashe kin yi furfura a gira.”

“Tun yaushe! Kashe tabaran nan naka mai cin batir, ka zo ka juya bayanka in shafa maka mai.”

Ya kashe, ya juya.

“Ƙara ƙasa kaɗan,” in ji shi.